Gyare a Ɗakin Inna

Ni da yayana ba mu taɓa shiri ba tun muna yara a Jazira, yankin gonakin auduga. Shi ne babba, shi ne namiji, kuma Allah ya yi shi da son a san da haka. Ni kuma Allah ya yi ni da baki. Inna ta raba mu faɗa har ta gaji, ta koma ga Mahaliccinta ba ta ga ranar da muka zauna a tabarma ɗaya muka tashi lafiya ba.

Da aurena ya mutu, 'yan shekaru kafin yaƙin nan da ake yi yanzu, na tattara akwatunana biyu na dawo gidanmu na Umdurman, ƙetaren kogi daga Hartum, can yamma bayan Kasuwar Libiya. Baba ya riga Inna tafiya, gidan kuma ba a raba gadonsa ba. Yaya da iyalinsa sun mamaye ɗakuna uku, saura ɗakin Inna mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon tsakar gida, ɗaya tana kallon titi. Wannan ƙofa ta titi ita ce ta tsone masa ido. Ya daɗe yana mafarkin mayar da ɗakin diwan, wato ɗakin baƙi maza, ya malala kafet, ya jera kujeru, a riƙa shan gahawa ana ce masa Haj, alhali ko teku bai taɓa gani ba. Sai ga ni na faɗo da kayana.

Yaya ba ya korar mutum da bakinsa, yana tsoron abin da za a ce a masallaci. Sai ya bari ranar da dangi suka zo yi mini jaje, ya gyara rawani ya ce:

"Ɗakin uwarta ne, ta zauna, wa zai hana? Amma ni bakuna takwas ne a wuyana. In za ta ci da kanta, tamam, shi ke nan. Ranar da ta kasa, ga Gwaggo can a kambo, ba ta da mai ɗebo mata ruwa."

Kambo shi ne matsugunin leburorin gona a Jazira, inda aka haife mu: ɗakunan laka a gefen magudanar ruwa, ba wuta, ba famfo. Iyayenmu sun ƙarar da ƙarfinsu don su fitar da mu daga can. Kowa a wurin ya ce Yaya ya yi adalci. Ni na san tarkon da ya ɗana mini. Na ce na yarda, na kuma rantse a raina ko ƙasa zan ci ba zan ɗanɗana tuwon gidansa ba.

Na gwada suyar gyaɗa, na gwada ɗinki, duk ba su karɓe ni ba. Gyare ya same ni ne a Kasuwar Umdurman, a layin masu sayar da tsuntsaye. Can na ga wani tsoho mai ƙaton tabarau yana bin 'yan kasuwa yana tambayar fara mai rai, suna yi masa dariya. Na gane shi. Ustaz ne, malaminmu na kimiyya a sakandare, wanda ya taɓa kawo mana kwaɗo aji a aljihun rigarsa. Ya yi ritaya, yana zaune a Aljirif, wata unguwa a gefen Hartum, kusa da masu gasa tubali. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna ƙasashen waje. Abokan hirarsa su ne hawainiya ɗaya, da wasu baƙin ƙadangaru biyu masu gemu, da ƙaton gizo-gizo mai gashi wanda ya kai tafin hannuna, kowanne a akwatin gilashi. Akwai kuma wasu masu irin wannan kiwo a Hartum, yawancinsu tsofaffin ɗalibansa, kuma dukansu damuwarsu ɗaya: dabbobin ba sa cin abin da ba ya motsi.

Na ce, "Ustaz, ga fara can cike da gonakin bakin kogi."

Ya ce, "Ya bitti, 'yata, ke 'yar mai feshin gona ce, kin fi ni sani. Ƙwaron gona ya ci magani. Ba lallai ya mutu nan take ba, yana iya yini yana tsalle da guba a cikinsa. Abin da gyare ya ci jiya, shi hawainiyata za ta ci yau. Ina neman wanda zai yi kiwonsu a gida, wanda zan yarda da hannunsa."

Gaskiyarsa. Baba ya ƙare shekarunsa da tankin feshi a bayansa a gonakin auduga, tari ne kuma ya kai shi kabari. Warin maganin nan mai kama da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, a cikinsa muka tashi ni da Yaya. Bayan kwana biyu na je Aljirif na dawo da gyare cikin gwangwanin madara.

Mutane suna tsammani zuba ƙwari kawai ake yi a kwali a rufe. Su gwada su gani. Na sayi manyan robobi masu zurfi a Kasuwar Libiya, na yanke tsakiyar murfinsu na ɗinka ragar sauro. Na cika su da kwalayen ƙwai a tsaitsaye, don gyare yana son maɓuya, in ya rasa sai ya cinye ɗan'uwansa. Ba a ajiye masa ruwa a kwano, wawa ne, sai ya nutse a ruwan da bai cika cokali ba. Sai dai jiƙaƙƙiyar auduga da ɓawon kankana. Abincinsa dusa da ɗan garin kifi, da ɗanyen barsim, ganyen nan da ake ba awaki. Dami ɗaya nake sayowa duk bayan kwana biyu, in wanke in rataye a rumfar tsakar gida kusa da randuna, inda ya fi sanyi.

Matan gyare suna da doguwar allura a baya, da ita suke binne ƙwai a ƙasa mai laima. Ƙasar ma ba kowace ba. Ustaz ne yake samo mini lakar kogi wurin masu tubali, in soya ta a kasko don kashe ƙwan tururuwa, in bar ta ta huce, in yayyafa ruwa in zuba a faranti. Bayan kwana goma sha wani abu sai ka ga ƙasar tana motsi, 'ya'ya ƙanana kamar riɗi sun fito. Ranar da na fara ganin haka na zauna daɓas a ƙasa na yi kuka, ni da ban yi kuka ba ranar da aka miƙo mini takardar saki.

Kiyashi ne babban abokin gabar mai wannan kiwo, shi ya sa kowace ƙafar tebur take cikin gwangwanin ruwa. Na biyunsa, a wurina dai, Yaya ne.

Kowace Alhamis da safe nakan ɗura gyare a ƙananan kwalaye masu huji, manya daban, ƙanana daban, in hau bas in tsallaka gada zuwa Aljirif. Ustaz ya ɗauki nasa, sauran masu kiwon su zo gidansa su karɓi nasu. Ba ni suka sani ba, shi suka sani. Da wannan sana'a na ɗora tukunyata a ƙofar ɗakina, na ci wakena da man riɗi, ran Juma'a har da nama. Ina sane nake barin murfin a buɗe don ƙanshi ya kai sashensu. Ban ce ni waliyyiya ce ba.

Yaya kamar ya haɗiye zuciya don haushi. Da farko kuka ne ya dame shi. Mazan gyare ne ke kuka, in sun yi yawa kuwa sai ka ce injin niƙa ne a ɗakin. Ya ce sun hana shi barci, mutumin da minsharinsa ke tayar da kajin maƙwabta. Daga nan ya koma kan wari. Daga nan ya koma kan mutunci.

"Aib ne wannan!" in ji shi. "Dama mutanen unguwa suna cewa mu masu cin fara ne, yanzu kin ba su abin faɗa. Ubanmu ya ƙare ransa yana kashe ƙwari, ke kin zo kina yi musu shimfiɗa a ɗakin uwarmu."

Na ce, "Ubanmu ya ƙare ransa yana ci da guminsa, Yaya. Ni ma shi nake yi. Ko ka fi so in zo in miƙa maka kwano?"

Ya san na san abin da ya fi so. In gyare ɗaya ya tsere ya shiga sashensu, sai ya take shi, ya ɗauko gawar a takarda ya ajiye mini a bakin ƙofa. Ni kuma in share in ce, "Allah ya saka da alheri, dama ya tsufa." Ya je wurin liman ko zai samo haramci, liman ya ce shi bai ga laifin ciyar da halittar Allah da halittar Allah ba. Matarsa baiwar Allah ce, ba ta da ta cewa, ko gaishe ni za ta yi sai ta waiwaya tukuna. Haka muka yi shekara biyu a gida ɗaya, sallama ce kawai ke haɗa mu, ita ma sai in ana kallo.

Sai Babbar Sallah ta gabato. A Umdurman, kwanakin nan na kafin layya gida ba ya zama lafiya: a fitar da gadaje rana, a wanke labule, a yi fenti, a yi feshin ƙuda saboda jinin yanka da ke tafe. Mutanen birni suna sayen ɗan gwangwanin feshi a kanti. Mu 'yan Jazira mun raina wannan. Duk wanda ya tashi a kambo yana da ɗan'uwan da zai aiko masa da ragowar maganin auduga a robar ruwan sha, ba suna ba takarda, a tsarma da ruwa a zuba a tanki. Haka Baba yake yi, haka Yaya ya gada, har da tsohon tankin.

Ranar Laraba na fita da hantsi neman kwalaye, ban dawo ba sai bayan la'asar. Gidan ya ɗauki warin sabon fenti, matar Yaya kuma ta cika ko'ina da turaren wuta har ido na yaji. Na ga an kai ragon layya ƙofar gida an ɗaure, ban kawo komai a raina ba. Na sauke damin barsim ɗina daga rumfa, na tsinke, na raba wa robobi kamar kullum, na ja ƙofa.

Da gari ya waye, shirun ɗakin ne ya fara tsorata ni. Na ɗaga murfin farko. Ga su nan a kwance, wasu sun kife da baya suna shure-shure, wasu sun sandare. Na ɗauki ragowar ganyen na kai hancina. Tafarnuwa.

Na fita tsakar gida na duba da idon basira. An ɗaure bakin randuna da leda. Barsim ɗin rago yana can cikin kicin, an lulluɓe shi da buhu. Duk abin da bakin mutum ko na rago zai taɓa an kawar da shi kafin feshi, kamar yadda Baba ya koya mana. Damina kaɗai aka bari a rataye. Yaya kuma yana zaune a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, wurin da bai taɓa zama da safe ba, ya fuskanci ƙofata, da kofin shayi a hannu.

Ya ce, "Yau ba a zuwa Hartum ne?"

Na koma ɗaki. Nan ne nake so mai karatu ya ji ni da kyau, don na daɗe ina ba da labarin nan a raina ina tsallake wannan wuri. Na san abin da ya kamata in yi. In kira Ustaz in ce wannan makon babu. In zubar da manyan duka, in wanke robobi, in jira ƙwan da ke cikin faranti, waɗanda maganin bai taɓa ba. Mako shida ne su girma. Da na sha wuya, amma Ustaz ba zai bari in kwana da yunwa ba. Duk na san wannan. Amma Yaya yana zaune a waje yana jiran ya ga na kasa fita, ni kuma na ji gara in mutu da in ba shi wannan daɗi.

Sai na durƙusa na fara zaɓe. Na kwashe matattu, na kwashe masu tangaɗi, na ware masu tsalle da ƙarfi. Na ce wa kaina waɗannan ba su ci ganyen ba. Na cika kwalaye, na yafa lafayata mafi kyau, na fito ina taku ɗai-ɗai.

Na ce, "Ana zuwa, Yaya. A kawo maka tsaraba?"

Na ga kofin ya tsaya masa a hanya kafin ya kai baki. Wallahi daɗin da na ji bai sake ni ba har muka tsallaka gada.

Ustaz ya tarbe ni da zoɓo mai sanyi. Ya kara kwali a kunne ya ce, "Sun yi shiru yau." Na ce hanya ce ta gajiyar da su. Ina tsaye ya buɗe akwatin hawainiya ya saki uku a ciki. Ta juya ido ɗaya, ta yi rangaji a kan reshenta, ta harba harshe. Na kalle ta ta haɗiye na farko, ta haɗiye na biyu. Na shanye zoɓona na yi masa sai wani mako.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira ni a waya. Kalma ɗaya ya ce: "Zo."

Na tarar da hawainiyar a ƙasan akwatinta, ta yi baƙi ƙirin. Ƙadangare ɗaya ya mutu, ɗayan yana karkarwa baki a buɗe. Gizo-gizon ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashin cikinsa. Mutum biyu sun riga sun kira shi daga Hartum, nasu ma haka. Ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, matarsa ce ta tsinci hawainiyar nan a bishiyar lemonsu 'yan watanni kafin ta kwanta ciwo.

Na buɗe baki na zazzage masa komai a kan Yaya: tanki, da leda a bakin randa, da barsim ɗin rago a kicin. Na yi ta zuba har muryata ta dushe. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce:

"Yaushe kika sani?"

Ya jira, irin jiran da yake yi mana a aji.

Na ce, "Kafin in fito daga gida."

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Tafi gida, ya bitti. Ba wanda zai ji daga bakina. Amma ba zan ƙara miƙa wa kowa abin da ya fito daga hannunki ba."

Na so ya zage ni, bai yi ba. Har ƙofa ya raka ni.

Na isa gida na sami Yaya yana wasa wuƙar yanka a bakin rumfa. Na ce masa zan tara dangi, kowa ya ji abin da ya yi.

Ya ce, "Ƙuda na fesa wa, a rumfata, a gidana. Ƙadangare ne fa ya mutu, ba mutum ba. Tsaka ma lada ake samu in an kashe ta." Ya gwada kaifin wuƙar a farcensa, sannan ya rage murya yadda matarsa ba za ta ji ba. "Tara su mana. Ni dai ban cika kwali na kai wa kowa ba."

Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a wannan lokaci ba.

Washegari da azahar na fito da robobin tsakar gida na jera su a rana. Ragowar gyaren da ke ciki ba su ɗauki lokaci ba suka mutu. Na ƙona kwalayen ƙwai a bayan gida. Farantan ƙasar ne suka ba ni wahala, don lafiyarsu ƙalau, ɗaya ma ya fara motsi. Na riƙe shi a hannu na daɗe a tsaye. Amma wa zan sayar wa? Na ajiye shi a rana tare da sauran, na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Ranar Sallah matar Yaya ta lallaɓo da kwanon nama ta ajiye a bakin ƙofata. Na mayar mata da shi a rufe yadda ya zo. Na yi mako uku ina lallaɓa ɗan abin da ya rage mini, wake ya ƙare, gari ya ƙare, na ɗaure akwatunana. Yaya da kansa ya ɗauki ɗaya a ka har bakin titi, yana gaya wa maƙwabta ƙanwarsa za ta je ta kula da Gwaggo, Allah ya yi mata albarka. Kafin in sami mota, mai fenti ya riga ya shiga ɗakin ta ƙofar titi.

Na isa kambo da yamma. Gwaggo ta rungume ni, ta shafa fuskata, ta ce na rame. Da na sha ruwa ta ce, "Yayanki ya kira ni. Ya ce annoba ce ta faɗa wa ƙwarin naki, ta share su a kwana ɗaya. Haka ne?"

Na dubi tsohuwar nan da ta goya mu mu biyu. Ita kaɗai ce a duniya Yaya yake jin kunyarta, da na faɗa mata da sai ya zo ya durƙusa a gabanta. Amma kuma da ita ma sai ta tambaye ni abin da Ustaz ya tambaye ni.

Na ce, "Haka ne, Gwaggo. Annoba ce."

Ta ce Allah ya mayar da alheri. Ta nuna mini inda jarkar ruwa take, ta ce in yi sauri kafin rana ta faɗi.